Takardar da Ka Huda wa Yaya Kulu

Baban Safiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na san ba za ka amsa ba, na kuma san wasiƙar nan ba za ta zo hannunka ba. Ko da ana kai saƙo kabari, ban san wanda zan nuna ba. Maza ne suka ɗauke ka daga Harami suka kai ka maƙabartar Shara'i, mu mata ba ma shiga, kuma an ce mini duwatsun duk iri ɗaya ne, babu suna a jikin ko ɗaya. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma kai kaɗai za ka gane ta yadda take. Sai ka yi haƙuri, yau ma ni ce mai surutun, kai ne mai shirun, yadda muka saba.

Gida lafiya. Na fita takaba. Safiya tana biyowa kullum in ta tashi daga aiki. Har yanzu in na yi mata Hausa da Larabci take mayar mini, sai in tana son in dafa mata miyar kuka ne Hausar take dawo mata garau. Shagonka na Misfala wani Bayamane ya karɓa, rigunan waya yake sayarwa a ƙusoshin da kake rataye gafaka da bel ɗin alhazai. Mai tamis na bakin layi har yau in Safiya ta je yakan naɗe gurasa biyu, sannan ya tuna ya mayar da ɗaya. Rannan mun bi ta Nakkasa a mota, na nemi tudun da gidanmu yake, na rasa. Sun baje shi fes.

Ba wannan ne ya zaunar da ni rubutu ba. Maganar Alhaji ce.

Ka tuna ranar da ka kawo shi? Ka ce mini za ka Jidda sayen fata, ka dawo da fiyano a bayan dabbab, 'yar motar ɗaukar kayan nan, ƙarti suna ta nishi suna hawa da shi tudun Nakkasa, mata sun fito ƙofa suna kallo. A haraj, kasuwar gwanjo, ka tsince shi, cikin tarkacen wani tsohon gida. Ka tsaya kana haki kana yi mini bayani wai wannan ba irin sauran ba ne, shi da kansa yake kiɗa. Ana saka masa naɗin takarda mai huje-huje, a taka matakai biyu da ƙafa, sai haƙoransa su riƙa lotsawa ba wanda ya taɓa su. Na ce in haka ne aljanu ka kawo mini ɗaki. To, ko aljanun ma sun riga sun ƙaura. Ɓera ya ci rabonsa a ciki, zafi ya cinye sauran. Ni na sa masa suna Alhaji, don ya zo ƙasa mai tsarki ya samu wuri ya miƙe ƙafa, ba iƙamar izinin zama, ba sana'a, ba niyyar komawa.

Da baladiyya, hukumar gari, ta shafa wa gidajenmu jan fentin rusau aka ce mu tashi, an nuna mana shigga, wato ɗakunan haya, mai iska a saman bene, mai taga tana kallon duwatsu. Ka ƙi. Ka kawo mu ƙasan benen nan na Utaibiyya inda sai an kunna fitila da rana, saboda Alhaji ba ya iya hawa matakala. Na yi maka ƙorafi har bakina ya gaji. Me ka ce? Murmushin nan naka mai ban haushi kawai ka yi.

Na san dalilinka, ko da ban taɓa nuna maka na ɗauke shi da muhimmanci ba. Innarku ta rasu a hanya, can wajen Gadarif, kana ɗan ƙarami, kuna tafe daga gida zuwa Makka ta Chadi da Sudan. Yayarka Kulu ce ta goya ka sauran tafiyar. Ba ku da hoton Inna, ba ku da ko ɗan kunnenta. Abin da ya rage muku nata shi ne waƙar da take yi muku in kun yada zango. Kai baitocin sun ɓace maka, amon kawai ka riƙe. Yaya Kulu tana da baitocin, amma tun aikin da aka yi mata a maƙogwaro muryarta ta koma raɗa. Kai kuma ka ce muryarka ta baduku ce, ba ta dace da waƙar mace ba. Shi ne ka yi mata alkawari a gabana cewa sai ta sake jin waƙar Inna a fili, da ƙarfi, daga bakin Alhaji.

Takardar ka fara yi, don kana tsoron kada amon ya gudu daga kanka. Ka sace mini takardar da nake yanka samfurin riga, ka yanke ta daidai faɗin tsohon naɗin da ya zo da fiyanon. Ka zauna kana taɓa haƙori ɗaya ɗaya da yatsa kana gunguni, in ka samu wanda ya dace sai ka duƙa ka ɗiga fensir, ka ɗauko ƙarfen da kake huda bel da shi ka buga. Ka gama ta, ka nannaɗe, ka ɗaure da zare. Sannan ka buɗe cikin Alhaji. Kana tsakiyar wannan aikin hannunka ya fara rawa, sai kwanciya, sai abin da Allah ya ƙaddara. Ba ka taɓa jin takardarka ta yi magana ba.

Yaya Kulu ita ce damuwata tun da ka tafi. Ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Ɗanta ya ce zai ɗauke ta ya kai ta Jidda kusa da shi da asibiti kafin garin ya cika da alhazai, kuma duk mun san in ta tafi ba lalle ta sake taka Makka da ƙafarta ba. Da ta zo mini gaisuwa ba ta yi kuka ba. Fiyanon ta zuba wa ido yana lulluɓe da zanen gado, ta ce a raɗarta wai ƙanenta bai taɓa saɓa mata alkawari ba sai wannan. Wallahi maganar ta soke ni. Ka san ni, zan iya zaginka da kaina daga safe zuwa azahar, amma ba zan iya jin an ce ka saɓa alkawari ba.

Ga ni cikin takaba, ba fita, ba kwalli, ba ziyara. Ni da Alhaji a ɗaki ɗaya, yana kallona ina kallonsa. Wata safiya na yaye zanen, na cire allon gabansa yadda na ga kana yi.

Baban Safiya, me ya sa ba ka taɓa gaya mini abin nan ɗinki ne kawai da dukanci ba? Da tuni na taya ka. Ashe duk sirrin iska ce. Matakan suna jan manyan zugazugai biyu irin na maƙera, su zuƙe iskar ciki. Takarda tana bi ta kan wata sandar tagulla mai jerin ƙananan ƙofofi, kowace ƙofa da siririn tiyonta. In huji ya zo daidai ƙofa, iska ta shiga, ta bi tiyo, ta kumbura wani ɗan faifan fata, shi kuma ya buɗe hanya, sai ɗan ƙaramin zugazugin wannan haƙorin ya tsuke ya daki tsirkiyar da take ba da amo. Shi ke nan. Kowane haƙori da nasa faifan da nasa ɗan zugazugin. In iska tana yoyo ko ta ina, sai ka taka har ka jiƙe da gumi Alhaji bai ce uffan ba.

Yadin zugazugan duk ya bushe, ina taɓawa yana marmashewa. Safiya ta nemo mini sabo mai roba a jiki ta waya, aka kawo har ƙofa. Yanka shi bai ba ni wuya ba, wadda ta yi shekaru tana fitar da hannun riga ba za ta tsaya jin tsoron wannan ba. Gam ɗin ne ya so ya kore ni daga gidan. Na samu guntayen ƙirgin da kake dafawa, na jiƙa, na ɗora a wuta. Sai a ranar na gano inda ƙaramar tukunyata ta shiga, wadda na yi ta nema kana taya ni nema! Warin ya hau bene har matar sama ta leƙo tana tambaya ko wani abu ya mutu. Na so in sayo gam na kanti in huta, sai na tuna kana cewa gam ɗin fata in an sa masa ɗumi yana saki, wanda zai zo gyara bayanka ba zai tsine maka ba. Na toshe hanci na ci gaba.

Faya-fayan fatar su suka sa ni kuka. Ka riga ka yi fiye da rabi, da jar fatar akuyar nan da wani alhajin Sakkwato ya kawo maka. Ka kankare ta har ina ganin inuwar yatsana ta ciki. Na ɗauki wuƙarka na gwada, na yaga, na sake, na yaga. Na ɓata fata mai yawa, Allah ya sa ba ka nan balle ka gani. Da hannuna ya faɗa, sai na manna su a ɗame kamar fatar kalangu, ina ta jin daɗi wai na fi ka tsabtar aiki. Ko ɗaya bai motsa ba. Safiya ta nemo mana wani tsohon Bature a waya yana irin aikin, tana fassara mini da Larabcinta, ashe sai an bar wa fatar ɗan lotsi a tsakiya, ta samu wurin numfashi. Na koma na duba naka, ga lotsin nan a kowanne, ban lura ba. Na ɓamɓare nawa duka, na sake, ina danna tsakiyar da gindin finjalin gahawa kafin gam ya kama.

Da na harhaɗa, ya rage neman yoyo. Kai da turaren wuta na ga kana yi, ka bi hayaƙin ka ga inda ake zuƙe shi. Ni kuwa mai takaba ba ruwanta da ƙamshi, sai na kunna tsumma. Safiya tana takawa, ni ina rarrafe a ƙasa da tsumma mai hayaƙi, ido yana ruwa, gwiwa tana ƙara. Da ka ganni da ka yi dariya har ka ƙware.

Ban bari ya yi kiɗa ba sai da na fita takaba. Na san abin da wasu suke cewa game da kiɗa, balle a garin nan, don haka na jira aka idar da sallar la'asar, na rufe taga. Na saka tsohon naɗin Turawan da ya zo da shi, na zauna, na taka. Ƙafar da ta saba da keken ɗinki ba a koya mata taku. Sai ga haƙora suna lotsawa su kaɗai, ɗaki ya cika da wani kiɗa mai tsalle-tsalle. Safiya ta yi ihu ta rungume ni. Alhaji ya yi magana, Baban Safiya. Bayan duk shekarun nan na cin wuri a banza, ya buɗe baki.

Takardarka kuwa ban gwada ta ba. Na ga bai kamata wani kunne ya riga na Yaya Kulu ba. Na kwance zaren, na liƙa bakinta a jikin sandar naɗi, ɗige-ɗigen fensirinka suna kallona, na naɗe ta tsaf. Aka ɗauko Yaya a mota, aka zaunar da ita a kujerarka.

Na taka. Abin da ya fito ba waƙa ba ce. Wani gurnani ne daga can ƙasa, da muryar ƙato, yana gangarawa inda kunnena yake jiran ya hau. Na ci gaba da takawa ina fatan zai gyaru a gaba, har takardar ta ƙare. Yaya Kulu ta shafa kaina, ta ce Allah ya yi mini albarka na yi ƙoƙari, ta nemi a mayar da ita gida. Da Safiya ta dawo daga raka ta, ta zauna tana lallashina wai Baba ya tsufa lokacin, idonsa ya yi rauni, kada in sa abin a rai. Ka ji fa. Naɗin Turawa ya yi daidai, injin ya yi daidai, saura wa ke nan? Laifin ya faɗo kanka, kai da ba ka da bakin kare kanka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba, har da ranar da aka fita da kai, don ranar ban san inda kaina yake ba.

Abu ɗaya ya hana ni yarda. Bugun naka ne. Inda kake ja, ya ja. Inda kake tsayawa ka haɗiyi yawu, ya tsaya. Ta yaya mutum zai daidaita tafiyar waƙa haka, sannan ya ɓata kowane amo ba ko ɗaya da ya tsira? Ko makaho ai ya dace da ɗaya.

Ana haka ɗan Yaya ya sa ranar tafiya. Ni kuma na ce bari in tattara kayan aikinka in ba wani ya amfana. Ina zazzage buhun sai ga wata gafaka da ba ka ƙarasa ba. Na shafa fuskarta, sumul, ba ɗigon komai. Na juya bayanta, ga zanen fensir nan birjik, duk inda za ka yanka da inda za ka huda. Na zauna daɓas a ƙasa. Shekara nawa ina kallonka kana aiki? Yaushe ka taɓa zane a fuskar fata? Baduku a baya yake zane, ya juya komai a kansa, dama ta koma hagu, don in an kifa fuskar ta fito da tsabta. Takarda ce a gabanka, amma hannunka fata ya ɗauke ta. Ni kuma da wayona na ga rubutu na ce nan ne gaba.

Na warware takardar daga bakin ƙofa har kicin, na ɗora kofuna a gefe kada ta nannaɗe, na kifa ta, na sake naɗewa. Wannan karon ma ban gwada ba. Tsoro nake ji, in na gwada ni kaɗai ta sake yin gurnani, ban san wa zan kama ba. Na je da kaina gidan Yaya Kulu, na tarar an fara ɗaure kayanta. Ta ce in bar wahalar da kaina. Na durƙusa na ce ba don ni ba, don kai. Ta kalle ni, sannan ta nemi mayafinta.

Baban Safiya, ta fito. Tun amon farko na gane ta. Siririya, a sama, da muryar mace. Ban taɓa ganin surukata ba, amma ranar na ji ta shigo ɗakina. Ga wani abu da ban taɓa faɗa maka ba. Duk lokacin da kake gunguninka ina ce maka ka cika mini kunne, sassauta keken nake yi don in ji. Na iya waƙar nan tsaf, ina yin ta a kicin in ka fita. Faɗan da nake yi maka a kan Alhaji ma rabinsa tsoro ne, ina ganin hannunka yana rawa, ina lissafin aikin da ya rage. Ban iya faɗin tsoro ba, faɗa na iya. Ka gane hakan kuwa? Ina jin ka gane.

Yaya Kulu ta rufe ido, leɓɓanta suna motsi, tana bin baitocin da raɗarta. Hawaye yana bin kuncinta ba ta share ba. Safiya da ba ta jin rabin abin da ake faɗa ta tsuguna ta kafa kunne a bakinta. Ana cikin haka, wajen tsakiya, sai Yaya ta ɗaga hannu. Na tsaya. Ta sa na mayar da takardar baya na sake. Da aka zo wurin ta sake ɗaga hannu, sai na ga kafaɗunta suna girgiza. Na zaci kuka ne. Dariya take yi! Wai a nan Inna sauka take yi, kai kuma hawa kake yi, tun kana goye a bayanta haka kake ɓata wurin nan, ta gyara maka har ta gaji, ashe da kuskurenka ka tsufa, har ka huda shi a takarda.

Safiya ta tashi da sauri ta ɗauko salatif. Abu ne mai sauƙi, a rufe huji ɗaya a buɗe wani a gefensa, ga ƙarfenka nan a kusa. Na karɓa, na nemo hujin, na ɗora yatsa a kai. Ban san me ya riƙe ni ba. Kafin in yanke shawara Yaya Kulu ta kamo wuyan hannuna da 'yan yatsunta masu sanyi. Ta ce in bar shi. Ta ce waƙar Inna tana nan daidai a kanta, ba wanda zai ƙwace mata ita. Abin da ta rasa, wanda ba ta san inda za ta sake ji ba, shi ne mai ɓata mata ita.

Na bar shi. Ta sa na taka mata har ƙafafuna suka yi tsami, kuma duk lokacin da aka zo wurin sai ta girgiza kai ta kira sunanka, sunan nan na yarinta da ita kaɗai take kiranka da shi. Da za ta tafi ta sha kunu kofi guda, ta nemi ƙari. Safiya ta ɗaukar mata waƙar a waya. Sun tafi Jidda shekaranjiya.

Ka cika alkawari, Baban Safiya. Na so ka ji daga bakina. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya haɗa ka da Inna. In kun haɗu, ka yi mata waƙar yadda ka iya, ita ta gyara maka da kanta. Ni dai a nan ba zan taɓa ba.

Sai mun zo.

Taka,
Maman Safiya